Ta ina ya shigo hannunka?

Idan rigimar dukiya ta tashi, maganganu uku mutane suka fi kafa hujja da su: "ai a hannuna yake", "ai ina da takarda", da "ai kotu ce ta ba ni". Kowace tana da nauyinta, kuma wanda ya san zaman shari'a ba ya raina ko ɗaya. Sai dai babu wadda ma'anarta ita ce "nawa ne". Hannu yakan riƙe kayan aro. Takarda takan fito daga wanda ba shi da ikon sa hannu. Alƙali kuwa da abin da aka kawo gabansa yake hukunci, ba da abin da aka ɓoye masa ba. A ganina, tambayar da ke raba mai haƙƙi da mai riƙo guda ɗaya ce: ta wace hanya abin ya shigo hannunka, shi kuma wanda ya ba ka, ta ina ya shigo nasa hannun? Hannu da takarda da hukunci duk shaidun wannan hanyar ne kawai. In hanyar ta lalace, ba za su gyara ta ba.

Sai mu fara da kalmar kanta. Muna cewa "ina da haƙƙi a kanka", kuma wannan "a kanka" ita ce zuciyar maganar. Haƙƙin da ba a kan kowa yake ba, buri ne. Wani masanin shari'a ɗan Amurka, Wesley Hohfeld, ya fayyace wannan a 1913: duk inda aka ce wane yana da haƙƙi, akwai wani da nauyi ya hau kansa daidai gwargwadon haƙƙin. Mai bin bashi yana da haƙƙi saboda akwai wanda biya ya wajaba a kansa. Mai gona yana da haƙƙi saboda kowa da kowa ya wajaba ya kauce wa gonar. Don haka duk mai cewa an danne masa haƙƙi, abu na farko da za a tambaye shi shi ne: wa ke ɗauke da shi, kuma me ya wajaba ya yi ko ya bari? In ya kasa nuna mutum, ya kasa faɗin aikin, to ƙorafi yake yi, bai kai ga da'awa ba.

Daga nan haƙƙin dukiya ya rabu gida biyu, kuma rashin sanin rabuwar na jawo asara ta gaske. Akwai haƙƙin da ke manne da abin kansa, yana binsa duk hannun da ya faɗa. Akwai kuma wanda ke wuyan mutum. A ce ɗan kasuwa ya karye, masu binsa sun taru. Wanda ya ba shi ajiyar injin, injin ɗin kuma yana nan da lambarsa, zai ɗauki abinsa ya tafi, domin injin bai taɓa zama na ɗan kasuwar ba. Wanda ya ranta masa kuɗi kuwa sai ya shiga layi, a raba abin da ya rage gwargwadon bashin kowa. Ko kuɗin da muke cewa mun "ajiye" a banki, a shari'ance bashi ne muke bin bankin. Kotun ƙoli ta Ingila ta wancan zamani ta tabbatar da haka tun 1848. Shi ya sa in banki ya rushe, mai asusu ba ya zuwa ya ce a miƙo masa takardun kuɗinsa da ya kawo.

Hanyoyin da mallaka ke shigowa ba su da yawa: saye, kyauta, gado, wasiyya, ladan aiki, sai kuma riga kowa ga abin da ba shi da mai shi, kamar kifin da aka kama a teku ko mataccen filin da aka raya bisa ƙa'ida. Hanyoyin da abu ke shiga hannu ba tare da mallaka ba su ma sanannu ne: aro, haya, ajiya, jingina, tsintuwa. Rigingimu da dama daga tsallaken layi na biyu zuwa na farko suke tasowa, a hankali, ba tare da wani ya ce uffan ba. Kuma a kan dukkan hanyoyin akwai ƙa'ida ɗaya da fiƙihun Musulunci da dokokin Turai suka haɗu a kanta: ba wanda ke ba da abin da bai mallaka ba.

Inda wannan ƙa'ida ta fi cizo shi ne gado, don haka bari mu zauna a kansa. Mutum ya rasu ya bar gida guda, da mata ɗaya, da mahaifiya, da 'ya'ya maza biyu da mace ɗaya. Kafin a yi maganar rabo, sai an fitar da kuɗin jana'iza, an biya bashi, an zartar da wasiyya wadda ba ta wuce sulusi ba. Abin da ya saura, matar tana da tumuni, mahaifiya tana da sudusi, 'ya'ya su raba ragowar, namiji rabon mata biyu. In aka kasa gidan kashi 120, matar na da 15, mahaifiya 20, kowane ɗa namiji 34, 'yar kuma 17. Yanzu babban ɗa ya zo da makullai a hannu, da tsohuwar takardar gidan mai sunan mahaifinsa, ya ce zai sayar. Shi ke kwana a gidan, shi ya gyara rufi, kowa ya san shi a ƙofar. Mai saye ya duba takarda, ya ga ta gaske ce, ya biya. Me ya saya? Kashi 34 cikin 120, bai ma kai sulusi ba. Sauran kashi 86 suna nan a hannun masu su, sai in sun amince da cinikin daga baya. Kuma ko kashi 34 ɗin ba ɗaki ba ne ko wani ɓangare da za a nuna da yatsa. Rabo ne da ya game ko'ina, daga ƙofa har bango na baya, tunda ba a yi rabo ba.

Bai ma tsaya nan ba. Abokan tarayya a gida ko filin da ba a raba ba suna da haƙƙin shuf'a: su mayar wa baƙon mai saye kuɗin da ya biya, su karɓe kason. A mazhabar Malikiyya wanda yake nan kuma ya san da cinikin yana da kusan shekara guda kafin haƙƙin ya faɗi. Hanafiyya ma sun ba maƙwabci shuf'a. Saboda haka mai sayen gidan gado aikinsa a bayyane yake. Ya nemi cikakken jerin magada daga inda aka yi rabon, ba daga bakin mai sayarwa ba. Ya tabbatar an biya bashin mamaci. Kowane magaji ya sa hannu da kansa ko ta wakilin da ke da wakilci a rubuce. In akwai maraya a ciki, sai da waliyyinsa da izinin alƙali. Wadda aka fi tsallakewa a irin wannan ciniki ita ce 'yar da ta yi aure nesa, wai ba za ta ce komai ba. Shirunta na kunya ne da zumunci, kuma kunya ba ta cikin hanyoyin da mallaka ke fita daga hannun mutum. Ko ta yi shiru har ta mutu, magadanta sun gaji kashi 17 ɗin nan tare da damar nemansa.

Kyauta ita ma tana da nata tarkon. Mutane suna zaton da an ce "na ba ka" an gama. A fiƙihun Malikiyya magana tana ɗaure mai bayarwa, amma kyautar ba ta cika sai da hauzi, wato wanda aka ba ya karɓa ya riƙe tun mai bayarwa na da rai da lafiya, bashi kuma bai cinye dukiyarsa ba. Misalin da malamai ke kafawa daga gidan Sayyidina Abubakar ne: ya yi wa 'yarsa Nana A'isha kyautar dabino wasƙi 20 (wasƙi wani babban ma'auni ne) daga gonarsa, ba ta kai ga girbewa ba har ciwon ajali ya kama shi, sai ya gaya mata cewa da ta karɓa da ya zama nata, yanzu kuwa dukiyar magada ce. To, uban da ya ce ya ba ɗansa gida amma ya ci gaba da zama a ciki, yana karɓar kuɗin haya, sunansa na kan komai har ya rasu, rigima ya bari. In kyauta ake nufi, a miƙa makulli gaban shaidu, a sanar da masu haya sabon mai gida, a sauya suna a rajista. Kyautar da aka yi cikin ciwon ajali kuwa hukuncin wasiyya take ɗauka: ba ta wuce sulusi, ba a kuma yi wa magaji ita sai sauran sun yarda.

Jingina gajeriyar magana ce amma ana yawan zalunci a cikinta. Sharaɗin "in ba ka biya ranar kaza ba, gonar ta zama tawa" ɓatacce ne. Hadisi ya hana jingina ta kulle a hannun mai riƙe da ita, kotunan Ingila su ma sun daɗe da ƙin irin wannan sharaɗi. Abin da mai bin bashi ke da shi shi ne a sayar ta hanyar da ta dace, ya ɗauki kuɗinsa, rarar ta koma wa mai ita.

Tsintuwa ta fi kowace hanya nuna bambancin hannu da mallaka. A hadisin Zaidu ɗan Khalid, an umarci mai tsintuwa ya san jakar da maɗaurinta, sannan ya yi cigiya shekara guda. Hikimar a aikace take. Mai cigiya ba ya faɗin siffar abin. Cewa yake an tsinci jaka. Wanda ya zo, shi zai faɗi launinta, da cewa zaren bakinta ya tsinke an ƙulla shi da wani, da adadin abin da ke ciki. Siffar da ba wanda ya sani sai mai kaya ita ce shaidarsa. Mai tsintuwa kuma ba a banza yake ba. A Ingila, a 1722, wani yaro mai sharar bututun hayaƙi ya tsinci abin ado, ya kai wa maƙerin zinariya a duba, yaron shagon ya cire duwatsun ya hana shi. Kotu ta ce yaron da ya tsinta ya fi kowa haƙƙi da abin in ban da mai shi na asali. Wato haƙƙi hawa-hawa ne: kana iya fin wane haƙƙi, wani kuma ya fi ka.

Yanzu ga wuri mai wahala, inda mutane biyu marasa laifi ke tsaye gaban juna. An sace mota, ɓarawo ya sayar, na biyu ya sayar wa na uku wanda bai san komai ba. Mai mota ya gan ta. Wa zai yi asara? A fiƙihu mai ita yana kafa shaida, ya rantse bai sayar ba bai kyautar ba, ya karɓi abinsa, mai saye ya koma kan wanda ya sayar masa. Dokar Ingila ma a kan haka ta ginu, har a 1995 ta soke tsohuwar kariyar da ake ba wanda ya sayi kaya a buɗaɗɗiyar kasuwa. Faransa ta karkata wajen mai saye: riƙon kayan da ake ɗauka da kyakkyawar niyya yana zama kamar takardar mallaka, wanda aka yi wa sata yana da shekara 3 ya nema, kuma in a kasuwa ko wajen mai sayar da irin kayan aka saya, sai ya mayar wa mai saye kuɗinsa. Na fahimci dalilinsu, ciniki ba ya tafiya in kowa na tsoron abin da ya saya. Amma ni ina tare da ra'ayin farko. Mai saye yana da damar bincike kafin ya zaro kuɗi: ya duba lambar inji da ta gangar jiki, ya nemi rasitin farko, ya tambayi kansa me ya sa kayan suka yi araha haka. Wanda aka yi wa sata ba a ba shi damar komai ba. Kuma duk inda masu saye suka san za a iya karɓewa, kasuwar ɓarawo na ƙuntata.

Wannan ba ya nufin an daidaita mai kyakkyawar niyya da maƙwaci. Malaman Malikiyya sun yi tafsili mai kyau a nan. Wanda ya sayi fili bisa rashin sani ya yi gini, sai mai fili ya bayyana: mai fili zai biya shi ƙimar ginin a tsaye. In ya ƙi, mai gini ya biya shi ƙimar filin kawai ban da ginin. In shi ma ya ƙi, su zama abokan tarayya gwargwadon ƙimar abin kowa. Amfanin da ya ci a baya kuma ba ya mayarwa, domin da abin ya halaka a hannunsa shi ke da asara. Wanda ya ƙwace ya gina kuwa, ko dai ya rushe ya kwashe, ko a ba shi kuɗin ɓaraguzai, ya kuma mayar da amfanin da ya ci. Gini ɗaya, fili ɗaya, hanyar shigowa ce ta raba hukuncin.

Takarda fa? Tana da muhimmanci ƙwarai, aya mafi tsawo a Alƙur'ani ma, ta 282 a suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take. Amma a san irin takardar. Yarjejeniyar ciniki shaida ce cewa wane ya sayar wa wane. Ba ta ce mai sayarwa ya mallaka ba. Rasitin haraji shaida ce ta biya. Taswirar safiyo tana nuna iyaka, ba ta nuna mai iyakar. Akwai ƙasashen da ke bin tsarin da Robert Torrens ya kawo a Ostireliya ta Kudu a 1858, inda rajistar gwamnati ita ce mallakar kanta, wanda kuskuren rajista ya cutar kuma a biya shi diyya. A wasu wuraren kuwa rajista adana takardu kawai take yi, ba ta wanke aibinsu. Mai saye ya fara sanin wane tsari ake bi inda filin yake. Sannan ya bi sarƙar baya-baya, mai sayarwa daga wa, shi kuma daga wa, ya duba ko akwai jingina ko ƙara a kai, ya taka ƙafa ya je wurin, ya tambayi wanda ke ciki da wace hujja yake zaune, ya tsaya da masu iyaka ta kowace kusurwa. Ba a fafe gora ranar tafiya; bayan an biya, bincike ya zama neman yadda za a rage asara.

Saura lokaci. Mutane da yawa suna jin zafin ƙa'idar hauzi ta dogon zama, suna ganin kamar halatta ƙwace ce. Ga yadda take a Malikiyya: baƙo ya riƙe gida ko gona shekara 10, yana gini yana rushewa, yana kiranta tasa, mai ita yana nan, yana gani, ya san tasa ce, ba abin da ya hana shi magana, amma ya yi shiru, to ba a sauraron da'awarsa bayan haka. Tsakanin dangi sukan kai wa'adin sama da shekara 40, don sun san ɗan'uwa kan kau da kai. Ingila tana da shekara 12 ga filin da ba shi da rajista. Ni ina goyon bayan ƙa'idar, domin shaidu suna mutuwa, iyakoki suna shafewa, kuma wanda ya kalli ana gini a filinsa shekara 10 bai tanka ba, shirunsa ya fi kama da na wanda ya san ya sayar. Amma a lura da sharuɗɗan, don a nan masu son zuciya ke yanke rabi. Ba ta aiki a kan yaro, ko wanda ba ya nan, ko wanda tsoron mai ƙarfi ya rufe wa baki. Kuma in an san asalin shigar aro ne ko haya ko jingina, ko shekara nawa aka yi ba ta zama mallaka. Kayan aro ba ya rufe katara. Gidajen tarihin Turai sun riƙe kayan tagullar masarautar Benin, wadda ke cikin Najeriya ta yau, da sojojin Birtaniya suka kwashe a 1897 fiye da shekara 100, kowanne da lambarsa a kundin ajiya. A 2022 Jamus ta amince ta mayar wa Najeriya mallakar sama da guda 1,000. Lamba da daɗewa ba su goge yadda kayan suka fita ba. Wanda ke ganin ana cin iyakarsa kuwa, kada ya bar halas don kunya: ya yi magana gaban shaidu, ya rubuta da kwanan wata, in ba a daina ba ya kai ƙara. In aro ya bayar, ya sa a rubuta cewa aro ne.

Hukuma ma tana ƙarƙashin wannan tambaya. Sashe na 17 na sanarwar haƙƙin ɗan Adam ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1948 ya ce ba a raba mutum da dukiyarsa da ka, Yarjejeniyar Afirka kan haƙƙin ɗan Adam ta 1981 kuma a sashe na 14 ta taƙaita taɓa dukiya ga buƙatar jama'a bisa doka. Filin da aka karɓa da sunan asibiti aka yanka wa masu hali, hanyarsa ta ɓaci tun daga tushe, ko da wane hatimi aka buga wa takardarsa.

Da'awa kanta tana da tsari. Hujja a kan mai da'awa take, rantsuwa a kan wanda ya musa. Wanda abu ke hannunsa ba a tambayarsa shaida da farko, kuma nan ne kaɗai ƙarfin hannu yake: yana ɗora nauyin hujja a kan ɗayan. Mai da'awa ya faɗi abu sananne, fili kaza mai iyaka kaza, da sababin mallakarsa. "Ina zaton kakana na da wani abu a nan" ba da'awa ba ce. A sha'anin dukiya ana karɓar adilai biyu, ko namiji da mata biyu, ko a wajen Malik da Shafi'i shaida ɗaya tare da rantsuwar mai da'awa. Wanda ake ƙara in ya ƙi rantsuwa, a Malikiyya ana juya ta ga mai da'awa. Shaidar da ke da amfani ita ce wadda ta san hanya: ta ga ciniki, ta ga biya, ta ga miƙawa. Wanda ya ce "na daɗe ina ganinsa a wurin" hannu kawai ya shaida.

Duk da wannan tsari, mai gaskiya yakan faɗi, shaidunsa sun mutu ko bakinsa bai iya zance ba. A hadisin Ummu Salama, Manzon Allah (SAW) ya gaya wa masu kawo masa ƙara cewa wataƙila wani ya fi wani iya tsara hujja, ya yanke masa bisa abin da ya ji. Wanda aka yanka wa wani abu na ɗan'uwansa kada ya karɓa, yankin wuta ne. Hukunci yana kashe rigima a fili, ya hana a sake tayar da ita. Wanda ya ci shari'a da takardar da ya san ta bogi ce, ko da rantsuwar da ya san ƙarya ce, abin da ke kansa shi ne ya mayar da kayan ga mai su, ko ga magadansa in ya rasu, tare da amfanin da ya ci tun ranar da ya karɓa.